Shirun Sabuwar Manaja

Na kawo 'ya'yan kofi na gonata wurin gyaran kofi, sai ga sabuwar manajar a filin shanya. Ban san sunanta ba. Gajera ce mai furfura, takalmin robarta duk laka. Yayana Eladio yana tsaye gabanta yana murza hula, don ya bar shanya a waje, ruwan sama ya jiƙe ta.

Shugaban leburori yana ta kumfar baki. "Doña, ranki ya daɗe, a sallame shi! Barci tsohon nan yake zuwa yi."

Manajar ta ce masa, "Don Ovidio, mu ɗan zauna tukuna."

Ta zauna kan buhu, hannuwa a cinya, ta lumshe ido tana jan numfashi a hankali. Ina jin jikar Kwekawan kan dutse ce, masu ibada da shiru, ko kuwa wurin mabiya Buddha ta koyi wannan numfashi. Ƙila ta taɓa korar wani cikin fushi, abin yana cin ta har yau.

Ta buɗe ido. "Don Eladio, kwana nawa kana aikin mutum biyu?"

"Tara, Doña."

"To laifin ofishina ne. Je ka huta, ka dawo Litinin."

Eladio ya kama hannuna. "Ƙanena, da ta rufe ido na ɗauka addu'ar binne ni take!"