Wurin da ya fito a hoton ƙodar ɗiyata

Ɗiyata ta fari ba ta kai shiga lakwal, makarantar boko, ba ciwon kai ya sa ta gaba. Tana cikin wasa sai ta dafe goshi ta zauna. A Maraɗi likita ya gwada jininta, ya sake, ya ce irin wannan hawan jini na tsofaffi ne, a yaro kuwa sai a dubi ƙoda. Ya tura mu Yamai a yi mata radiyo, hoton nan mai ganin cikin mutum.

Ranar tafiya uwar mijina, Inna, ta ɗaura mata zare mai jeren wuri, irin na kuɗin da, a ƙugu. "Kada ki kwance shi, ko wanka za ki yi mata," in ji ta. Na ce to.

An yi wa yarinyar allura mai sa ƙoda ta fito fara a hoto, aka ɗauka. Likitan Yamai ya ɗaga hoton ga fitila, ya ɓata fuska.

"Duwatsu ne a jere. Ban taɓa ganin haka ba."

Na matsa. Duwatsun nan kowane da tsagarsa a tsakiya. Kunya ta kama ni, na ɗaga rigarta.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Madam, wannan gwajin na kaka ne. Saura nawa gwajin."

Na kwance zaren, ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina tuna alkawarina. Amma wurin ya rufe daidai inda ake son gani.

Hoto na biyu ya fito fes. Ga ƙodar dama fara tas, irin wadda nake ɓare wa kitse ranar layya. Ta hagu ƙarama, dishi-dishi, ta makara wajen fitowa. Ya ce da alama jijiyar da ke kai mata jini ce ta tsuke, shi ne take ta da jinin jiki duka. Ni na ɗauki cikin yarinyar nan, na goya ta, ban taɓa ganin abin da Allah Ya jera a cikinta ba sai ran nan. Subhanallahi kawai nake maimaitawa.

Wani hoton ya tabbatar, aka yi aiki, ciwon kan ya tafi.

Da muka dawo Madarumfa na miƙa wa Inna zaren, da hoton farko. Ta ɗaga shi ga rana ta daɗe tana dubawa.

"Ashe har wurina suka gani," ta ce. "Allah mai iko. Kawo ta in ɗaura mata."