Gambar Hajara

Mai Nasara mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zermu, dab da gandun dajin gwamnati. Lokacin da ma'aikatan gandun daji suka sa mutanen gari kafa komiti saboda wutar daji, shi aka ba gefen gabas. Aikin kuwa shi ne, da an gama girbi a kankare ciyawa, a share fili dogo mai faɗi kamar hanyar mota, don in wuta ta taso ta rasa abin ci ta mutu nan. A bayan wannan shara ciyawar da dabbobin gari za su ci har saukar damina take.

Ba mai shara irin tasa. Har tsokanarsa ake yi: "Mai Nasara, tabarma za ka shimfiɗa ne?" Sai ya ce, "In ka zo da shayi."

Wata shekara ruwa ya yi albarka, gamba ta fito a tsakiyar gefensa, ta fi mutum tsawo. Matarsa Hajara ta gani a hanyar itace.

"Malam, dangarmu ta faɗi, masu wucewa har cikin tukunyata suke gani. Ka bar mini gambar nan ta ƙosa, a yi zana."

"Sai bayan Juma'a ke nan," in ji shi.

Ya share gaba, ya share baya, ya tsallake gamba.

Ran Alhamis da azahar wuta ta taso, iska na kora ta. Ko'ina ta iso shara sai ta kwanta. A wurin gambar nan kawai ta haye. Maza suka bi ta da ɗanyen reshe da ƙasa, ina! Kafin la'asar daji ya zama baƙi ƙirin. A ranin nan tumaki har tsumma suka ci, saniyar da ta durƙusa ba ta tashi.

Ba wanda ya ce masa uffan, ko da yake kowa ya ga inda toka ta ƙetare. Abdul'aziz shugaban komiti ya zo jaje, suka ce haka Allah ya so. Da zai fita ya ɗauki manjagarar komiti da ke jingine a zaure.

"Baba, aro zan yi."

"To," in ji Mai Nasara.

Manjagarar ba ta dawo ba, shi ma bai tambaya ba. Hajara ta toshe dangarta da karan gero, ba ta ƙara ambaton zana ba. Yanzu kaka in ta yi, ya ji 'yan shara suna wucewa gabas, sai ya shige zaure ya zauna da carbinsa har muryoyinsu su yi nisa.