Goggo Jibi da Gyaran da Auta Ta Zo Karɓa

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe shago. Ta share ƙyallayen jiya, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, sannan ta zauna ta fara yi wa jama'a alkawari. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka. Ka kawo yadi, ta ce ka dawo jibi. Ka dawo, ta dube ka ta saman tabarau kamar kai ne ka saɓa, ta sake cewa jibi. Da haka ta sami sunan Goggo Jibi, har ita ma da shi take amsawa. Yanzu ido ya fara yi mata gardama, zare ba ya shiga allura sai an lallashe shi, ta ce ƙarshen watan nan za ta rufe keke. Kafin ta rufe, akwai aikinta guda da ya kamata duniya ta ji, don in ta ita ce, ba wanda zai ji.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata safiya, sai ga yarinya 'yar shekara huɗu ta shigo tana jan uwarta da gefen zane. Goggo ta san uwar. Malamar makaranta ce a ƙarshen layi, mai 'ya'ya uku, wadda rabon da a gan ta a waje wata biyar. Ciwon daji ya kama ta a nono, likitoci suka cire na hagu. Ga ta nan ta rame, ta ninka mayafi uku a ƙirji duk da zafin da ake yi.

Autar Malama ta riƙe ƙugu. "Goggo, mun zo karɓar na Umma."

"Me na Umma?"

"Nononta mana. Ta ce ta kawo miki gyara."

Saura kaɗan Goggo ta haɗiye alluran da ke bakinta. Malama ta sunkuyar da kai, ta yi bayani ƙasa-ƙasa. Kullum yarinyar sai ta tambaya ina ɗayan, ita kuwa ta rasa ta cewa, sai ta ce yana wurin tela. A ganinta ta kashe maganar, tunda kowa ya san abin da ya shiga shagon nan ba ya fitowa da wuri. Tun da aka yi aikin ba ta ɗauki yarinyar ba. Ɗinkin ya warke, amma ba ta iya jure a ce kan 'yarta ya sauka inda babu komai. Auta kuwa ta yanke hukunci da kanta: sai an gama gyara za a ɗauke ta.

Goggo ta zare allurai daga baki, ta dubi yarinyar, ta ce, "Dawo jibi." Tun da take, ranar ce ta fara faɗar kalmar nan da zuciya ɗaya.

Sai dai ba ta taɓa ɗinka irin wannan ba, ba ta kuma san wanda ya taɓa ba. Ta yi wa rigar nono aljihu a hagu, ta cusa auduga. Malama ta sa a bayan labule, ta ɗaga hannu kamar za ta yi rubutu a allo, sai abin ya hau har wuya.

"Yaya, wannan ai tafiya yake yi."

"Bar shi, mai son ci gaba ne," in ji Goggo, tana warware ɗinkin.

Aka gwada yashi. Ya rinjayi kafaɗa, kuma kafin Malama ta kai ƙofa rabinsa ya koma cikin takalminta. Aka gwada gero, nauyi ya yi daidai, har Goggo ta fara cika baki. Ta wanke shi don ta ga ƙarkonsa, ta ajiye a taga. Kwana uku sai ga shi ya tsiro kore shar, kazar maƙwabta tana zagaya wurin. Malama ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce, "Yaya, da kin bar ni da shi, ai da na yi girbi." Rabonta da dariya tun kafin asibiti.

Duk wannan, Auta ba ta fasa sintiri ba. Kullum sai ta leƙo. "Goggo, kin gama?"

"Jibi."

"Jiya ma jibi kika ce. Ba kya jin kunya?"

Manyan mutane sun yi wa Goggo faɗa a kan kayansu, ko a jikinta. Wannan maganar ce ta hana ta cin abincin rana.

A mako na uku ta dace. Ta naɗe ƙananan duwatsun ado na riga cikin soso mai laushi. Sikelinta tafin hannu ne: ta rufe ido, ta tallafi na daman Malama da hannu ɗaya, ta riƙe wanda ta haɗa a ɗayan, tana ragewa tana ƙarawa har suka yi kunnen doki.

Ranar karɓa, Malama ta fito daga bayan labule kafaɗa a miƙe, ba ninkin mayafi. Auta ta duba dama, ta duba hagu.

"Goggo, kin daɗe."

"Na daɗe."

"Amma ya yi." Ta ɗaga hannuwa sama.

Malama ta ɗauke ta. Yarinyar ta kwantar da kai a hagu, ta yi luf. Goggo ta juya baya ta hau taka keke, alhali ba ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, don hawaye ya hana ta gani.

Ke ce, Goggo, wadda ta mayar da ƙaryar uwa gaskiya. Ke ce kika mayar da Malama gaban allo. Daga nan mata suka yi ta zuwa, wata ta gaya wa wata a layin ganin likita. Wasu sun warke, wasu har yau suna karɓar magani, wasu kuma Allah Ya yi musu rasuwa. Amma kowace ta fita daga shagonki ta rungumi 'ya'yanta ba tare da ta karkace ba. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya bar miki sauran idon.

Teloli, ga aiki. Goggo ta ce duk mai son koyo ya zo kafin wata ya ƙare, kuma ta rantse ba za ta ce masa jibi ba. Ku je, don matan ba su daina zuwa ba.

Makon jiya Auta ta shigo shagon, 'yar shekara sha shida, ta daɗe da sanin gaskiyar magana. An kawo na Malama a sabunta shi. Ta riƙe ƙugu tana murmushi. "Goggo, na zo karɓar na Umma."

Goggo ta jawo aljihun tebur ta miƙa mata. "Tun shekaranjiya na gama."