Layuka Bakwai da Chamsou Ya Ƙi Gogewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 21 ga Fabrairu 1995, ana cikin azumi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Chamsou Hamidou yana da shekara talatin da ɗaya. A asibiti ya cika, kwana biyu bayan an sako shi daga inda ake tsare baƙi marasa takarda. Baƙo suka kira shi. A nan garin, a unguwar Cocotiers, aka haife shi, a bayana ya yi wayo.

Chamsou, ni ba marubuciya ba ce. A aji shida na tsaya, na hau keken ɗinki don kai ka samu ka yi lakwal, wato makarantar boko. Amma in na yi shiru, wa zai faɗi abin da ka yi?

Mutanen unguwa sun san kana aikin kwamfuta a wani kamfanin yankan katako a Oloumi, iyakar saninsu ke nan. Ni na san fiye da haka, don ni ce mai karanta maka. Ba ka da na'ura a gida. A littafi kake rubuta aikinka da fensir, ka buga a wurin aiki, ranar Lahadi ka zo shagona na Nzeng-Ayong ka ce, "Yaya, ajiye almakashin nan ki karanta mini." Ina bin littafin harafi-harafi, kana duba abin da ka buga. In na tsallake ɗigo da waƙafin ƙarshen layi, sai ka dafa kai ka ce, "Kin kashe ni, Yaya! In babu shi na'ura ba ta ko motsi."

Ka gaya mini sunan harshen C, harafi ɗaya tak. Na ce iyayensa sun yi rowar suna. Ka ce a Amurka aka haife shi, a ɗakin binciken wani kamfanin tarho, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, kuma yana da wa mai suna B. An ƙirƙire shi ne don rubuta Unix, babban shirin da ke riƙe da ragamar kwamfuta. Kalmominsa ba su kai arba'in ba, kuma daga sifili yake fara ƙirga, amma kai tsaye yake magana da ƙarfe. "Kamar kekenki ne," in ji ka. "Abin da ƙafarki ta ce shi yake yi. In kin sa yatsa ƙarƙashin allura ba zai tambaye ki ba. Mai rubutun ne zai yi tunanin yatsa."

Ka yi tunanin yatsa kuwa. Shekarar da babban zarton kamfanin ya cire wa Abduljalil, abokin sallarka, yatsu uku, ka ƙara layuka bakwai a shirin da ke tuƙa zarton: da an ɗaga murfinsa, ya tsaya cak. Ni na karanta maka su sau uku. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya gode maka.

Sai aka karya darajar kuɗin sefa. Kayan gyara daga Turai suka ninka kuɗi, kai ka riƙa lallaɓa tsofaffin na'urorinsu suna aiki. Duk da haka patron, mai kamfanin, ya ce zarton na yawan tsayawa, ma'aikata su riƙa share garin katako yana juyawa. Ya ce ka goge layukan. Ka ce a'a. Ya kore ka, ya hana ka takardar shaidar aiki, kuma ba a sabunta katin zama sai da ita. Da wa'adin da gwamnati ta ba baƙi marasa takarda su bar ƙasar ya cika, a bakin titi 'yan sanda suka ɗauke ka kana jiran taksi. Kwana huɗu a ɗaki ɗaya da mutane fiye da yadda zai ɗauka, ga ciwon asma da kake fama da shi tun kana yaro. Na kai maganinka har ƙofa sau biyu. Aka ce in tafi kafin a tambayi tawa takardar.

Akwai abin da patron bai sani ba sai da ya kore ka. Ya ɗauka tun da na'ura tasa ce, kome na hannunsa. Kai ka koya mini cewa abin da mutum ya rubuta da C, wani shiri ne ke juya shi ya koma abin da na'ura kaɗai ke ganewa, kamar geron da aka daka, ba ya komawa zangarniya. Dakakken ne a na'urarsa. Ya kawo wani ya goge layukan, mutumin ya ce sai da asalin rubutun. Asalin yana cikin littattafanka shida, ƙarƙashin atamfofina.

Ranar sadakar uku patron ya zo, Chamsou. Ya zauna a tabarma, ya shafa fatiha tare da jama'a. Da aka watse ya ja ni gefe ya ce, "Madam, ki ba ni littattafan, in sama miki katin zama, ke da matarsa."

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi kwana biyu ina juya maganar. Shekarata arba'in da biyu, ban san kowane gari ba sai wannan. Na kai wa matarka Djaïba zancen tana zaune da kayan takaba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, shi da ransa ya ƙi. Mu ne za mu goge masa?"

Na mayar wa patron amsa, na ce a'a. Na sayar da keken, littattafan suna cikin jakata, sunanmu na cikin masu shiga jirgin ruwa ranar Asabar. A hanyar Tahoua, garin asalin iyayenmu, matarka za ta ci gaba da takabarta. Kai kaɗai suka bari ka zauna a ƙasar, don yanzu ba sa tambayarka kati.

Allah Ya jiƙanka, ƙanena, Ya yalwata kabarinka, Ya sa azumin da ka fara ka kasa ƙarasawa ya cece ka. Ina yi wa Djaïba ta'aziyya, da 'yarka Mairamou, da innarmu Ƙulu wadda har yau ba ta daina tambayar ko ka sha ruwa ba. Allah Ya ba mu haƙuri. An ce in yafe wa waɗanda suka yi maka wannan. Ban iya ba tukuna, kuma Allah Ya ga zuciyata.

Yayarka,
Ummussalma Hamidou