Ranar da Yaya Sale Ya Saɓa Kekensa

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, cikin sanyin shekarar da na cika goma, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda ina wanke tukunyar ful, waken da muke karyawa da shi, sai na ji wani abu ya faɗo kan kwanon rufin kicin, ƙwas. Na kasa kunne. Ya sake, ƙwas, ƙwas. Kafin in miƙe ƙamshin ƙasa ya cika gidan, sama ta wajen teku ta yi baƙi ƙirin, Umma ta fito da gudu tana kwashe shanya tana salati. Kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake yi a Sudan inda iyayenmu suka fito, ta jawo kujerarta bakin ƙofa ta tara tafin hannu tana murmushi, sai ka ce ta hango baƙon garinsu. Yayana Sale ne kaɗai bai motsa ba. Yana tsaye a zaure ya dafa sirdin kekensa, ya ɗaga kai. Can ya ce, "Rabi, kin ji? Ya zo." A hankali ya faɗa, kamar yana tsoron ruwan ya ji ya fasa.

Wanda bai tashi a Jidda ba, da wuya ya gane abin da ruwan sama yake a wurinmu. Mu ba mu san damina ba sai a bakin manya. Ruwan da muke sha motar tanki ce ke kawo shi, a cika duro-duro, a yi ta tattalinsa kamar man shanu. Na sama kuwa sai lokacin sanyi yake leƙowa, sau ɗaya ko biyu, wata shekarar ma ya manta da mu ɗungurungum. To ran da ya zo, kowa da aikinsa. Ni ce mai jera robobi da bahuna a ƙarƙashin indararo, ni ce mai bin ɗakuna ina tara kwanuka duk inda rufi ke yoyo, in naɗe tabarmi, in ɗora buhun shinkafa kan benci. Umma takan ware bokiti guda ta ce na wanke kai ne, ruwan sama yana da albarka. Ƙananan yara su tuɓe riguna su yi ta tsalle a lungu. Manyan samarin unguwa kuma, hankalinsu yana wuri guda: filin bayan shagon Ammu Sa'id.

Ammu Sa'id wani dattijo ne ɗan Yaman mai baƙala, inda muke sayen burodi da sukari. Bayan shagonsa akwai wani makeken fili da babu gini, da mataccen akori-kura da ya daɗe da nutsewa a ƙasa, da wani kwari da magina suka haƙe yashi suka bari, da tudun ɓaraguzai, da bishiyar darbejiya ɗaya tal a can ƙarshe. Da rani ƙwallo ake bugawa a nan. Amma in ruwa ya sauka filin ya zama taɓo, sai a yi tseren keke, zagaye uku, daga jikin bangon shagon a kewaye motar, a faɗa kwarin, a hau tudun, a zago darbejiya a dawo. Wanda ya ci shi ne Sarkin Laka. Ba a ba shi ko tsinke, amma shi ke gaba in za a tafi bakin teku ranar Juma'a, shi ke fara zaɓen 'yan wasa a ƙwallo, har yaran Larabawa da sunan suke kiransa. Kuma sarautar ba ta sauka sai wani ruwan ya zo an sake tsere. Babu wanda ya san wanda ya kafa wannan doka, haka muka tarar.

Shi Yaya Sale, wannan ruwan ne na ƙarshe a gare shi. Ya kai sha huɗu, Baba ya riga ya yanke cewa ranar Asabar zai fara zuwa banshar ɗin Kawu Idi, wato shagon gyaran taya, ya koyi sana'a. A unguwarmu kuwa in yaro ya shiga aiki, halas, shi ke nan, ya fita daga sahun yara, ba ya sake shiga tseren taɓo ko da ransa yana so. Sau biyu ya gwada a baya. Na farko ya faɗi a kwari ya dawo gida kamar an tono shi, na biyu Mansur ya wuce shi a gindin darbejiya yana masa gwalo. Mansur ɗan Hausawan nan ne da kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, ya fi jin Hausa fiye da yinta, kuma kekensa ja ne sabo mai giya. Na Yaya kuwa baƙi ne, haɗe-haɗe, kan wani keken da ƙafar wani, ƙararrawar ta wani daban. Duk sanyin shekarar nan kullum sai ya hau rufi ya dubi sama ya sauko shiru. Ni ce na san yawan wannan hawa da sauka, don ni ba mai fita ba ce. Tun ina ƙarama gida nake so, gefen Habboba, ina tsince mata shinkafa tana ba ni labari. Makarantar ma ban yi nisa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga cikin ɗaki nakan gane keken kowane yaro a lungunmu da ƙararsa, na Yaya yana da wani ɗan kuka, ƙi-ƙi, duk juyin feda.

Da ruwan ya tsagaita bayan azahar, sai ga yaran unguwa sun yi layi a ƙofar Kawu Idi suna jiran famfon buga iska. Abin da suka sani ke nan, tunda a kan kwalta suka koyi keke: taya ta yi tauri kamar dutse, ita ce mai gudu. Kowa yana danna tasa da babban yatsa yana cewa a ƙara. Yaya ma ya buga tasa tam, ya shigo zaure yana goge ƙarfen da tsumma. Habboba ta miƙo hannu ta latsa tayar, ta taɓe baki. Ta ce ita a ƙauyensu na can wajen Gadarif baƙar laka ce mai danƙo, wadda ke cire wa mutum takalmi ta riƙe, kuma kakanmu ya yi shekaru yana kai madara kasuwa a keke cikinta. "In ƙasa ta jiƙe, sassauta mata yake yi," in ji ta. "Ya rage iska, tayar ta baje ta kama ƙasa. Wannan taka ai santsi za ta yi ta yi da kai kamar sabulu." Ta sa ya kwance rafraf, ƙarfen nan da ke lulluɓe da taya, ta ce nan laka ke taruwa ta shaƙe ta. Sannan ta ƙara da abin da ban taɓa mantawa ba: "Inda ya ƙi ɗaukarka, kai ka ɗauke shi. Keke ba uban kowa ba ne."

Ina kallo Yaya ya sa farce a bawul ɗin tayar, iska ta fito fiii, ya saki, ya dube ta, ta ce ƙara. Ni kuma ta ɗora mini bokitin ruwan indararo a ka, ta damƙa mini wata tsohuwar muciya da ta tsage, ta ce in tsaya a gindin darbejiya, in ya iso in kankare masa in watsa ruwa a sarƙa. Umma ta fara cewa ina 'ya mace ina filin maza, Habboba ta ce, "Bar ta ta ga duniya, wannan da ko ƙofar gida sai an tura ta."

Wallahi har yau ina jin dariyar da aka yi wa Yaya da ya iso fili. Mansur ya leƙa tayar ya ce, "Ya Sale, esh haza, mene ne wannan? Sikal ɗinka ya yi faci tun ba a fara ba? Je wurin kawunka mana, ai gidanku ne!" Yaya ya tura kekensa ya shiga layi. Ammu Sa'id ya fito da zanensa ɗaure a ƙugu, ya ɗaga murfin tukunya ya buga da cokali ya ce yalla, a tafi, suka zabura. A farkon fili inda ƙasa ke da ɗan tauri duk sun bar shi a baya, na ce shi ke nan Habboba ta kashe mu. Amma da suka zo kewaye motar sai na ga ƙafafun baya suna wutsil-wutsil, wannan ya zame ya bugi wancan, biyu suka kwanta. Shi kuwa ya zo ya wuce a zaune, ba gaggawa, tayarsa tana wani sauti mai laushi, caɓ, caɓ, kamar ana kirɓa dawo. Ban san komai game da tsere ba, amma kunnena ya gaya mini nasa keken ne kaɗai ba ya faɗa da ƙasar.

A zagaye na biyu kekunan suka fara nishi. Laka ta cushe tsakanin taya da rafraf, sai ka ji gurrr, yaro yana taka feda da dukkan ƙarfinsa keken yana tafiyar hawainiya. Yaya ya iso wurina ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, na durƙusa na kankare da muciya, na sheƙa ruwa, ya ce "Bas, ya isa," ya wuce. Saura shi da Mansur, don Mansur ƙaƙƙarfa ne, ba a raina shi. Tare suka faɗa kwarin a zagayen ƙarshe, kwarin kuwa ya riga ya dame ya zama kunu. Mansur ya miƙe tsaye kan feda yana ta kokawa, tayar baya tana juyawa wuri ɗaya tana feshi. Yaya ya diro, ya cusa hannu ta tsakiyar keken, ya saɓa shi a kafaɗa kamar mai ɗauke da ɗan akuya, ya haye tudun da gudu laka har gwiwa. A sama ya dire shi, ya haye, ya zago ni, ƙi-ƙi, ƙi-ƙi, har jikin bango.

Nan fa gardama ta tashi. Mansur ya iso yana haki yana cewa haram, wannan tseren keke ne ko na ƙafa, kuma ƙanwar Sale ta taimake shi. Yara suka rabu biyu, kowa na ihu da yaren da ya zo bakinsa. Yaya yana tsaye, laka ta rufe shi sai idanu, ni kuwa na rungume bokiti ina jiran a ƙwace mana sarautar. Ammu Sa'id ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Ya walad, kai yaro, ni na ce wanda ya fara taɓa bangona da kekensa. Ga yaro, ga keke. Wa ya ɗauki wani, wannan tsakaninsu ne." Ya juya ga Mansur: "Kai ba ka da ƙanwa a gida?" Aka fashe da dariya, har shi Mansur ɗin. Ya zo ya dafa kafaɗar Yaya ya ce mabruk, wato barka.

Ranar Asabar Yaya ya sa tsohuwar riga ya tafi banshar, yara suna biye da shi har bakin titi suna kiran Sarkin Laka. Sanyin da ya biyo ba a yi ruwan kirki ba, yayyafi kawai. Kafin wani sanyin ya zo an kewaye filin da kwano, motocin gini sun shiga, darbejiyar ma aka sare. Ba a sake tsere ba, don haka babu wanda ya sauke shi. Yanzu gemunsa fari fat, shagon Kawu ya zama nasa, amma tsofaffin Nuzla in sun kawo faci har gobe da sunan suke sallama.

Abin da ya tono mini wannan duka, kwanakin baya ne ɗana Anas ya zo da waya ya ce, "Umma, dubi mahaukata." A unguwar Safa muke zaune yanzu, hawa na uku. Na duba, sai ga Turawa a wata ƙasa mai tsananin sanyi, numfashinsu yana hayaƙi, suna tsere a cikin taɓo, jama'a sun yi dafifi da dogayen takalman roba. Ya ce gwanayen duniya ne, sana'arsu ke nan duk lokacin sanyi, har da mata. Na ga sun zo gindin wani tudu sun diro ba tare da sun tsaya ba, sun saɓa kekuna a kafaɗa. Na ga wani wuri da aka keɓe, mutum ya jefar da keken da ya shaƙe ya cafke wankakke, nasa mutanen suna wanke wancan da mesa. Anas ya ce wai har iskar taya ragewa suke yi, kuma wanda ya fi kowa a busasshiyar ƙasa sau da yawa a laka yake jin kunya. Na ce ya ƙara sautin. Ta cikin ihun mutane na jiyo shi, caɓ, caɓ.

Da Yaya ya zo cin abinci ranar Juma'a na sa aka nuna masa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya nuna wani da ke ta kokawa a tsaye ya ce, "Wannan Mansur ne." Ya nuna masu mesa ya ce, "Ga ki nan, Rabi, an ƙara miki girma." Muka yi dariya har na share hawaye, Anas yana kallonmu bai gane ba.

Yanzu in hadari ya taso a Jidda, saƙo ne ke shigowa waya a ce a zauna a gida, a rufe makarantu, kuma da gaskiyarsu, mun ga abin da ruwa ke iya yi. Yaran gidanmu ta bayan gilashi suke kallonsa, kekunansu suna jingine a baranda fes, ba su taɓa sanin taɓo ba. Ni da ba na son fita, ni ce nake buɗe taga in tara hannu kamar Habboba, in kasa kunne ko zan ji wani ƙi-ƙi yana tahowa daga ƙasan lungu. Fita ɗaya na yi a ƙuruciyata da zan kira fita, kuma har yau ban gama dawowa ba.