Minti Goma na Inna Saki

Kafin a kunna keke ko ɗaya a masana'antar ɗinkin, ta riga ta iso. Matakala ashirin da biyu ce zuwa bene, yanzu kuwa sai ta tsaya sau biyu, hannu a gwiwa, kafin ta kai. Ta rataye jaka a ƙusa, ta goge gilashinta da gefen mayafi, ta zauna gaban tarin rigunan jiya. Shekara ashirin da shida aikinta ɗaya ne, duba ɗinki. Ta juya riga, ta bi layin zare da ɗan yatsa, wadda ta karkace ta jefa kwandon gyara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san ba mai buga hotonta a ko'ina.

Inna Saki muke ce mata, don kalmar da ba ta rabo da bakinta. Ita ta gano abin da mu teloli muke yi ba mu sani ba: in za mu ja dogon layi, sai mu riƙe numfashi har zare ya kai ƙarshe. A lissafa layi nawa mutum ke ja a wuni! Kafaɗa ta haye kunne, wuya ya sandare, mu koma gida tiɓis, ko sannu da zuwan yara ba ma iya amsawa.

Ita ma ciwon baya ne ya taɓa kwantar da ita wata uku, har wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mata yadda ake jan numfashi da miƙe gaɓoɓi a hankali. "Wai sunansa yoga," in ji ta. "Ni dai miƙa na sani, ko mage tana yi ba wanda ya koya mata." Tun daga nan, in an tashi hutun rana, sai ta shimfiɗa kwalaye tsakanin kekuna. Minti goma kacal. A ja iska ta hanci ana ƙirgawa zuwa huɗu, a sake ta zuwa shida, a ɗaga hannu sama, a juya wuya, a sunkuya iya inda baya ya yarda.

Mai yankan yadi ya taɓa tsokanarta. "Haba Inna, numfashin ma sai an koya mana?"

"Kai da kake huci kamar dutsen guga? Zo nan ka zauna."

Bara ne wata mai ɗinkin wuyan riga ta shiga uku. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke ɗaga shi, ita ke masa wanka, sannan ta zo ta hau keke. Wuyan rigunanta ya fara karkacewa. Manaja ya ba ta kwana shida: ko ɗinki ya miƙe, ko a ba wata keken. Kuma Inna ce mai kai masa kwandon. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta ɓoye riga ko ɗaya ba, don amana ce. Sai ta ja kujera kusa da matar.

"'Yar nan, hannunki lafiyarsa ƙalau. Dubi nan. Nan kika ɗauke numfashi, nan kika sake shi da ƙarfi, zare ya kauce."

"Inna, na gaji. Wallahi ko kukan ma ba ni da ƙarfinsa."

"Na sani. Gajiyar nan ba zan iya ɗauke miki ba. Ɗora hannu a ciki. Ja. Saki."

Kwana shida Inna tana tsaye bayan kujerarta a kan waɗannan gwiwoyin, tana ƙirga mata a hankali, layi bayan layi. Ranar farko riga tara a kwando. Rana ta uku takwas, har Inna ta shiga banɗaki ta wanke fuska kada a ga idonta. Ranar ƙarshe riga ɗaya ce tak. Manaja ya juya ta, ya sake juyawa, ya ajiye ta ya wuce. Har yau mijin yana kwance, gajiyar ma tana nan, amma keken yana hannunta.

Inna, ke ce mai idon gano laifi da ba ki taɓa tozarta mai laifin ba. Ke ce kika tura masu ciwon ƙirji asibiti, kika ce musu miƙa ba ta maye gurbin likita. Mun gode. Allah Ya huta gajiya, Ya sanyaya gwiwoyin nan. Ku kuma da kuke karantawa, a wurin aikinku akwai wanda kafaɗarsa ta haye kunne. Kwali da minti goma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Shekaranjiya Inna ta kasa kai matakala ta ƙarshe. Ta zauna tana haki, jaka a cinya. Mai ɗinkin wuya tana tafe a bayanta. Sai ta durƙusa, ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora mata a ciki.

"Ja, Inna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yawwa. Saki."