Jinin Da Ya Dace Da 'Yata Ba Nawa Ba Ne

Yaya za a ce jinin uwa bai dace da na 'yar da ta ɗauka wata tara ba, amma na baƙuwa daga wata uwa duniya ya dace? Sau uku aka yi mini bayani, na gyaɗa kai, amma har yau zuciyata ba ta karɓa ba. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba. Wata malamar makaranta da muke haya gida ɗaya da ita ce take rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye, kuma na roƙe ta kada ta rage mini laifina ko kaɗan.

A lokacin ba ni da kowa sai 'ya ɗaya. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu can arewacin jihar nan, maigidana ya tsaya rufe shago, ya ce mu yi gaba zai same mu. Ban ƙara ganinsa ba, wani ne ya faɗa mini inda aka binne shi. Muka yi kwanaki a ƙafa, muka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, daga baya muka samu ɗaki a Jimeta ina soya ƙosai. 'Yata tana da amosanin jini, wanda ake ce wa sikila. Ta haura ashirin da biyar, ɗinki take yi, ga baki ga dariya, kuma tun tana ƙarama ake ƙara mata jini duk sanda ciwon ya kayar da ita.

Wata damina ciwon ya tashi, idonta ya yi fari, likita ya ce sai jini. Na miƙa hannu ina alfahari. Jim kaɗan ma'aikacin ɗakin gwaji, wani dattijo mai haƙuri, ya ce nawa ba zai yi ba. Na ce ƙarya ne, ni na haife ta. Da ya ga zan tara masa jama'a, sai ya shigar da ni ya nuna mini. Ya ɗiga ruwan jinin 'yata a kan wani farin faranti, ya ɗiga nawa, ya juya da ɗan tsinke. Ina kallo jinina ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke. Ya ce a jikin kowa akwai masu gadi da ke gane baƙo, kuma ba sa mantuwa. Ita da aka sha ƙara mata jinin mutane iri-iri, masu gadinta sun yi yawa, sun haddace alamomi da dama, suna far wa duk jinin da ke ɗauke da su. Akwai alama a nawa da ba ta gada ba, ta ɗauko ta mahaifinta. Ya ce in aka sa mata nawa, zai iya kashe ta.

Aka gwada ledojin jinin da ke asibitin, duk suka yi gudaji. Sai maƙwabciyarmu, wata 'yar Ibo mai shagon kayan masarufi da muke ce wa Madam, wadda abinci kawai ta kawo mana, ta naɗe hannun riga ta ce a duba nata. Nata ya kwanta lif a farantin, ko gudaji ɗaya babu. Aka sa wa 'yata, kwana biyu ta tashi tana neman shayi. Kowa ya yi hamdala. Ni ma na yi da baki, amma bai kai zuciyata ba.

Sau uku Madam ta ba da jini cikin shekara guda da rabi. 'Yata, wadda ke kirana Dada, ta fara kiran Madam Mama. Takan ce yanzu rabinta Ibo ce, shi ya sa ciniki ke zauna mata, Madam kuma ta ce in haka ne ta zo ta yi mata gadin shago, su kwashe da dariya. Ta ɗinka wa Madam rigar zuwa coci mai ado har ƙasa, ni kuwa zanen da na fito da shi daga gari take yi mini faci. A wajenmu macen da ta shayar da yaro ta zama uwarsa. Sai na riƙa lissafi a raina, in nono yana ƙulla wannan, ina ga jini? Na tambayi wani malami ɗan Barno a unguwarmu, ya ce ƙarin jini ba ya ƙulla dangantaka, sadaka ce kawai, in gode wa Allah in gode wa matar. Na ji, amma kishi ba ya jin fatawa. In na hango su zaune a bakin shago suna ɓare gyaɗa, sai in ji kamar an ƙwace mini abu na ƙarshe da na tsira da shi.

Da Kirsimeti ta ƙarato, Madam za ta tafi garinsu ta yi wata guda. Na je karɓo sakamakon gwajin 'yata, dattijon nan ya ce jininta ya fara ƙasa. Ya ce in gaya wa Madam ta biyo kafin ta tafi, a ɗebi leda ɗaya a ajiye a firji, don yana iya yin makonni bai lalace ba. Ya maimaita mini sau biyu. Na hau keke na dawo, na tarar da Madam tana ɗaure kaya. Ita da kanta ta tambaye ni me suka ce, ko ta je ta ba da kafin ta wuce. Na dubi idonta na ce sun ce babu buƙata, yarinya ta samu lafiya. Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, ta ba ni gwangwanin madara in kai wa 'yata. Na karɓa. Abin da nake so kawai shi ne in yi wata ɗaya ni kaɗai ce uwa.

Kwana tara da tafiyarta sanyi ya tayar da ciwon. A asibiti dattijon ya tambaye ni ina ledar Madam, na sunkuyar da kai. Aka gwada abin da ke nan, aka aika wasu asibitocin Yola, matasan unguwa suka zo har daga unguwar Bekaji suka miƙa hannu, duk farantin ya ƙi. Na roƙe shi ya sake gwada nawa ko Allah ya canza shi. Ya sake don ya rabu da ni, jinin ya sake tsinkewa a gabana. Aka kira Madam a waya, ta bar bikinsu ta kamo hanya, amma tafiyar ta kwana biyu ce, motarsu kuma ta lalace a hanya. Washegarin jana'izar 'yata ta iso.

Yau shekaru ke nan. Madam ta san gaskiya, ni na faɗa mata, kuma har yanzu tana aiko mini da abinci, abin da ya fi zagi ciwo. Ina roƙon duk uwar da za a karanta wa wannan, in Allah ya kawo wanda zai yi wa ɗanki abin da ke ba za ki iya ba, ki riƙe shi da hannu biyu. In ma'aikatan asibiti sun ba ki saƙo, ki isar da shi yadda aka faɗa, ko kin gane ko ba ki gane ba, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Ni na so a ce ni kaɗai ce uwa, ga shi yanzu babu mai kirana uwa.

Da hantsin ranar da 'yata za ta cika, na durƙusa a bakin gado na gaya mata abin da na yi, ban ɓoye komai ba. Ta dube ni, numfashinta na fita da ƙyar. Sannan ta lalubo hannuna ta ce, "Dada, in Mama ta iso, ki shimfiɗa mata tabarma kusa da ke. Kada ki bar ta ta yi kuka ita kaɗai."